Ba Hausa Sai An Ci Jarrabawa

Ai kun ji zancen Auta da Dogo kafinta ko? To wallahi rabi kuka ji! Ku matso, yarona ya samu barci, bari in ba ku daga tushe kafin ya farka.

Ranar da sakamakon jarrabawar Turanci ya fito karo na biyu, Auta na zaune bakin gado, waya a hannu, ko farar rigar aikin asibiti ba ta cire ba.

Karatu, bakwai. Rubutu, bakwai. Sauraro, bakwai da rabi.

Magana... shida da rabi.

Rabin maki!

Wata jami'a ce a ƙasar waje ta ba ta gurbin ƙaro karatun jinya kyauta, amma da sharaɗi: sai ta kawo bakwai a kowane ɓangare na jarrabawar Turanci. Turancin kam tana da shi a ka. Amma da ta zauna gaban mai tambaya, aka kunna na'urar ɗaukar murya, sai harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Ga shi dama ɗaya ta rage mata kafin a ba wa wani gurbin.

Da la'asar Dogo ya zo, fensir a bayan kunne, garin katako a gashin kansa. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Autata... maganar ce dai?"

Ta ɗaga kai, hawaye na zuba.

"Na haƙura, Dogo. Ba rabona ba ne."

"Wa ya ce? Ke da in kika fara surutu sai na manta ƙusa a baki?" Ya matso kusa da ita. "Ji nan. Daga yau ba Hausa tsakanina da ke sai kin ci jarrabawar nan."

Tana kuka sai da ta yi dariya.

"Kai? Kai da Turancinka bai wuce na jikin gwangwanin fenti ba?"

"Ai ba ni za a yi wa jarrabawar ba. Ke ki yi ta zubawa, ni kunne ne. Wanda ya yi Hausa a ƙwala masa biro a hannu."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Da farko abin kamar wasa. Ta ɗauki hutu a wurin aiki, da safe ta tafi lesin, da yamma Dogo ya zauna a ƙofar gida ta yi ta ba shi labari da Turanci, labarin kasuwa, labarin ruwan sama, labarin maƙwabta. Shi ko sai gyaɗa kai. In ya yi ƙoƙari ya haɗa kalma uku a karkace, ta yi dariya har da riƙe ciki. Harshenta ya fara sakewa kuwa.

Sai dai fa duk kalaman nan masu sanyi da ya saba yi mata, babu su. Bai san yadda ake faɗinsu da yaren mutane ba.

Yayanta dama can ba ya son zancen.

"Wai ke Auta, kina shirin hawa jirgi kina jan kafinta a baya? Ga Ticha nan, mutum mai ilimi, ya zo ya same ni har ofis."

"Yaya, ni karatu nake zuwa yi wurinsa."

"To shi ba karatu kaɗai ya gani ba. Ki yi tunani."

Umma dai tana gefe, ta ci gaba da ninke kaya.

Ticha shi ne mai koyar da su a lesin. Ɗan gayu, ga turare, in yana Turanci har da lumshe ido. Kullum sai ya tsaya kan teburinta ya fi na kowa daɗewa.

Wata ranar Dogo ya zo ba fensir a kunne, idanunsa jajir. Bai ko zauna daidai ba.

"Auta, Inna ce..."

Caraf ta ɗaga biro tana dariya.

"Turanci, malam! Kawo hannun!"

Ya miƙa. Ta ƙwala masa.

Ya tsaya yana kallonta. Bakinsa ya motsa, yana laluben kalmomi, bai samu ba. Ya dubi littattafan da ke cinyarta, ya dubi fuskarta da ke ta walwala, rabon da ya ga haka tun kafin sakamako. Sai ya haɗiye. Da Turancin nan nasa ya ce mata komai lafiya, ta ci gaba.

Ta ci gaba kuwa. Ta yi ta ba shi labarin wata tafiya da ta taɓa yi a mota.

Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke.

In ta kira ya ɗauka, kalma ɗaya zai ce da Turanci, wai ta yi karatu, sai ya kashe. Ta kasa gane kansa. Rannan bayan an tashi daga lesin Ticha ya tsayar da ita, ya sassauta murya.

"Ban so in gaya miki ba, amma gara ki sani. Mutuminki ya zo nan ɗazu."

Ta waiga bakin ƙofa.

"Ya zo? Yana ina?"

"Ya tafi. Cewa ya yi in faɗa miki ya gaji. Wai macen da za ta ƙetare ruwa ta fi ƙarfinsa." Ya girgiza kai. "Irin mutanen nan ba sa son ci gaban mace. Ki share hawayenki, akwai waɗanda suka san darajarki."

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗauki jakarta. Amma maganar ta shige ta. Ta isa gida ta kife a gado, zuciya ta ce kira shi, fushi ya ce kar ki kuskura. Fushi ya yi nasara.

Ana jibi jarrabawa sai ga wayar Sista, shugabar ɗakin da take aiki.

"Auta, ya haƙuri? Allah Ya ji ƙan surukarki. Baiwar Allah, a hannuna ta cika."

"Wace... wace suruka, Sista?"



"Innalillahi! Au, har yanzu bai gaya miki ba? Ai a ɗakinmu aka kwantar da ita. Yaron nan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana roƙo kar mu ɗaga miki hankali. Na zaci tunda an yi rasuwar..."

Wayar ta suɓuce.

Inna! Innar da ke ajiye mata turare a ƙasan filo, take kiranta nas ɗina!

Takalmi ma wari daban-daban ta saka. Yaya na ƙwala mata kira daga falo, ba ta waiwaya ba.

Shagon a buɗe yake, amma ba ƙarar zarto. Dogo na zaune kan wani katako, guduma a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo.

"Dogo!"

Ya miƙe a firgice. Ya buɗe baki, sai ga Turancin nan, wai me ya kawo ta, ta koma ta yi karatu.

"Wallahi tallahi ka sake yi min kalma ɗaya da yaren nan, ba zan shiga jarrabawar ba! Ka yi min Hausa! Ka yi min magana!"



"Auta... Inna ta tafi."

 Ƙaton mutum, ya durƙushe cikin garin katako yana kuka kamar yaro. Ta zube gabansa.

"Ranar nan... ranar da ka ce min Inna ce... na buge ka da biro! Ina dariya! Wayyo ni, Dogo, ina dariya!"

"Ba laifinki ba ne. Ni na kafa dokar."

"Dokar banza! Me ya sa ba ka karya ta ba?"

"Na ga kina murna. Na ce bari ta samu sauƙi tukuna." Ya share fuska da bayan hannu. "Da jikin ya tsananta ta yi ta kiranki. Ina nas ɗina, ina nas ɗina. Na tafi lesin in ɗauko ki, malaminku ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce in na tayar miki da hankali kika sake faɗuwa, ni na kashe miki rayuwa. Ya ce zai gaya miki a hankali bayan darasi. Na koma na zauna ina kallon ƙofa..."

"Cewa ya yi ka gaji da ni."

Dogo ya ɗago.

"Ni?"

"Kai."

"Autata, in na gaji da ke in koma wurin wa? Yanzu ma ke kaɗai kika rage min."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Ta yi fushi da ni ko? Ta tafi tana cewa na ƙi zuwa?"

"A'a. Na gaya mata gaskiya, na ce ni na ɓoye miki. Ta harare ni, ta ce kai dai sakarai ne tun kana yaro. Sannan ta ce in gaya miki ki je ki ci, kar wahalar ta tashi a banza."

Gyaran murya suka ji daga bakin ƙofa. Yaya ne. Ashe ya biyo ta a mota, komai a kunnensa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya tako cikin garin katakon da takalminsa mai sheƙi, ya tsuguna, ya kama hannun Dogo da hannu biyu.

"Allah Ya ji ƙanta. Ka yafe min, ban san ko kai wane ne ba." Ya juya. "Ke kuma tashi. Ba za ki sake taka lesin ɗin nan ba, ni zan je."

Abin da Yaya ya faɗa wa Ticha ban sani ba, amma an ce ranar ba a ji Turanci a bakinsa ba.

Ranar jarrabawa Auta ta shiga da kumburarrun idanu. Aka kunna na'ura. Ta jira tsoron nan ya zo ya kama mata harshe, shiru bai zo ba. Wadda ta yi irin kukan da ta yi, me wata na'ura za ta yi mata? Aka tambaya ta amsa, aka ƙara ta ƙara, sai da matar da ke tambayar ta ɗaga hannu ta ce ya isa.

Da sakamakon ya fito ba ta buɗe ba. Ta tafi shago ta miƙa masa wayar.

"Duba min na ƙarshen. Lamba dai ai ka iya."

Ya duba. Ya sake dubawa. 

"Bakwai."

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi tsalle ba.

"Ka kai ni gidanku," ta ce. "Ina son in zauna a ɗakinta."

Ya kai ta. Ta zauna bakin gadon Inna ta daɗe tana addu'a, shi yana tsaye a ƙofa.

To 'yan'uwa, an ɗaura! Yaya da kansa ya tsaya kan komai, Umma kuwa da ba ta cewa uffan, ranar ta fi kowa kuka. Auta ta tashi makon jiya, Dogo na nan ana haɗa masa takardu ya bi ta.

Don Allah duk wadda ta karanta ta tura wa ƙawarta, musamman masu fama da jarrabawar nan. Ku yi karatu, Allah Ya ba ku bakwai ɗinku. Amma in naku ya zo da jajayen idanu, ku ajiye biro ku tambaye shi me ya faru.