Hoton Norsehan na Ƙarshe

Magaribar da aka fara jifan, Mahyuni yana zaune a bayan gida, kan dandamalin katakon da ya leƙa cikin kogin Martapura, kyamararsa a cinya. Kwana arba'in da uku ke nan da binne matarsa Norsehan. Tun ranar bai ɗauki hoton kowa ba, shi da ya shekara ashirin yana bin gidajen biki a birnin Banjarmasin. Bai yi kuka a maƙabarta ba, bai yi a gida ba. In an ajiye masa abinci ya ci, in an kira salla ya tashi.

Hoto ɗaya yake kallo kullum. Norsehan ba ta son hoto, ban da na aurensu da na katin shaida wannan kaɗai gare shi. Jajibirin rasuwarta ya ɗauke shi, a nan kan katakon, rana ta riga ta faɗi. Tana wankin shinkafa ta ɗago tana masa tsiya: "Haba Baban Jumi, a wannan duhun? Ko goshina ne zai haska maka?" Ma'aunin haske na cikin kyamarar ya karkata can ɓangaren duhu. Sai ya buɗe ƙofar gilashin iyakar buɗuwarta, ya ja ƙiftawar ta kai rabin daƙiƙa, ya ɗauke numfashi ya danna. Kuskure ɗaya ya yi, irin wanda bai taɓa yi wa amaryar kowa ba: ya bar kyamarar ta zaɓi inda za ta kafa ido da kanta. Ta tsallake Norsehan ta kama tsohuwar bishiyar da ke tsallaken ruwa. Kowane ganye ya fito tar. Matar kuwa ta zama hazo mai ɗankwali. Washegari ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, ba a kai da ita asibiti ba.

A wannan magaribar ya ƙara wa hoton haske a jikin allon, ko Allah zai sa fuskar ta ɗan taso. Ba ta taso ba. Duhun gindin bishiyar ne ya yaye, kuma a ciki ga wata mace zaune, gashinta a kwance har ƙasa, tana rungume da wani abu a ƙirji. Mahyuni ya dube ta kamar yadda yake duban ruwa. Ya kashe kyamarar.

Sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi.

Na biyu ya biyo, na uku ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Dutse ne baƙi, jiƙaƙƙe, da ɗumi kamar an ciro shi daga hammata, a garin da ko tsakuwa sai an sayo. Masniah, ƙanwar marigayiya da ta tare a gidan don kula da 'yar da marigayiyar ta bari, ta fito da ludayi a hannu tana dube-dube. Babu kowa a kan gada, babu kwalekwale a ruwa.

Haka aka yi ta yi. Da rana gida lafiya. Da an fara kiran magariba sai jifa, sai wata murya daga ƙarƙashin daɓen katako, inda ruwa ke bugun ginshiƙai, tana maimaita kalma ɗaya a hankali: rufe, rufe. Ran kwana na huɗu Jumiati, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, tana tsakar alwala ta saki buta. Ta shiga ɗaki ta zauna a kusurwa, ta rufe fuska da tafukanta. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta amsa sunanta.

Mahyuni ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Da ya rasa abin yi, sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya ɗaga kyamara. Fitila tana ci a ɗakin, amma da ya auna hasken a kan yarinyar sai ma'aunin ya nuna duhu ƙirin. Gilashin ya yi ta kai da kawowa yana ƙara, ya kasa kama ta.

"Yaya Yuni," in ji Masniah. "'Yarka ce fa. Ba amaryar wani ba ce."

Ita ta je ta kirawo Guru Bahrani, malamin da ake nema in aljanu sun taɓa mutum. Bayan la'asar ya iso a kwalekwale mai inji, ɗan tsoho siriri mai tabarau, da gorar ruwa da ƙullin ganyen magarya. Ya ƙi shayi. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya kama karatu, bai ɗaga murya ba, har hasken taga ya koma ja. Dutse ɗaya ya sauka. Jumiati ta yi magana ta tsakanin yatsunta, da muryar da ta girmi kowa a ɗakin.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Ina tsallaken nan tun ba a kafa ginshiƙin gidan nan ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ba komai. Ubanta ne. Mutane in sun duba ƙiftawa suke yi. Shi ya buɗe idon ƙarfe ya riƙe shi a kaina, ina shayar da ɗana, ko mayafi babu. Na haƙura, na ce duhu ya suturta ni. Sai ya bi ya yaye duhun."

"Bai san kina wurin ba."

"Yanzu ya sani. Ya goge, in tafi."

Guru ya juyo ya dubi Mahyuni. Mahyuni bai motsa ba. Muryar ta yi wata 'yar dariya, ta sassauta.

"Ko ka bar shi, mai hoto. In gyara maka matarka ta fito tar, har ɗan tabon haɓarta. Yarinyar kawai za ka bar min, ranar Alhamis zuwa Juma'a."

Mahyuni ya ji bakinsa yana cewa, "Da dariyar za ta fito?"

Masniah ta toshe baki. Guru Bahrani ya cire tabarau ya goge da gefen zanen da ya ɗaura a ƙugu.

"Ƙarya take, ba ta da wannan ikon. Amma ko tana da shi, Mahyuni, dubi bakin wanda kake ciniki da shi."

Ya duba. Leɓɓan Jumi sun tsage, sun yi fari. A ɗan yatsanta akwai sauran tawadar biro ta ranar da ta je makaranta ta ƙarshe. Ya kunna kyamara, ya nemo hoton. Bai tsaya kallo ba. Allon ya tambaye shi ko ya tabbata, ya danna.

"Akwai wani kwafin a kwamfuta?" in ji Guru.

"Babu."

Guru ya sa aljanar ta rantse da Allah ba za ta sake taka gidan ba, ita kuma ta ce kada a ƙara nuna wa bishiyarta gilashi in rana ta karkata. Aka amsa mata. Ya yayyafa ruwan magarya. Yarinyar ta yi atishawa uku, hannuwanta suka zame daga fuskarta, ta kife a jikin Masniah. Masallatan bakin kogi suka ɗauki kiran salla, kwanon rufi shiru.

Sai bayan an raka Guru Jumi ta buɗe ido sosai, ta dubi ubanta. "Abah, yunwa nake ji."

Masniah ta yunƙura, Mahyuni ya ce ta zauna. Ya shiga kicin ya kunna wuta, ya fasa ƙwan agwagwa biyu a kasko. Daga nan ya tsaya yana buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya.

"Gishirin yana cikin gwangwanin madara, bayan tulu," in ji Jumi daga ɗaki, da muryarta, ƙasa-ƙasa. "Uma ce ta ɓoye. Ta ce kada a gaya maka, wai zambaɗawa kake yi."

Ya samo shi. Ya daɗe riƙe da gwangwanin har gefen ƙwan ya fara ƙonewa. Ya barbaɗa, ya yi yawa, ya kai mata haka nan. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ta cinye tas.