Sawu Biyu a Kan Yashi

Ranar da Deswin Klazen ya fara ganin Charmelle, fuskarta ma bai gani ba, don tana cikin hular walda. Ya shigo garejin mahaifinta ne a bakin garin Rehoboth, yana so a ɗaura wa motarsa ƙugiyar ja. Malamin firamare ne, sabon zuwa. Motar kuwa irin 'yar mitsitsiyar nan ce mai ja da tayoyi huɗu, wadda in ka tsaya kusa da ita sai ka ji kamar ka ɗauke ta ka goya.

Ta ɗage hular, ta dubi motar, ta dube shi.

"Me za ka ja da wannan, Malam? Keken jariri?"

"Tirelar zango, wata rana," in ji shi. "Ina so in kwana a kogin Ugab kafin in mutu."

"Kogin ba ruwa, motar ba ƙarfi. Kun dace."

Ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Nan na san an gama da shi.

Ina zaune a bencina na kullum. Tun da hasken idon mahaifinta, Sarel Mouton, wanda kowa ke kira Oom, wato Kawu, ya fara dushewa, har aka ƙi sabunta masa lasin tuƙi, ni nake karanta masa lambobin tef ɗin awo. Matata ta rasu, gidana ya yi shiru da yawa, ba ni da wani uzuri.

Ƙugiyar da ake ɗaurawa cikin awa biyu, sai da Deswin ya yi mata zuwa tara. Yau noti ya saki, gobe yana jin wata ƙara. A zuwa na tara ya tafi da lambar wayarta. Da daddare ya tura mata saƙo.

"Barewata, kin yi barci? Ƙugiyar nan tana ta tambayarki."

"Ka ce mata ta yi haƙuri da mai ita. Ni ma haƙurin zan fara."

"Wato kin yarda?"

"Ban ce ba. Zo da biltong gobe, kilishin nan mai kitse. Sai in yi tunani."

Oom Sarel ya shekara arba'in yana ƙera tirelolin zango, irin masu ɗauke da tanti da murhu da tankin ruwa, waɗanda ake ja a bi da su inda babu hanya. Yana da al'ada guda. Duk 'yar da zai aurar, sai ya ƙera mata tirela da hannunsa, kuma mijin ne zai ja ta a ayarin iyali idan Disamba ta zo, har cikin busasshen kogin Ugab. Ya aurar da biyu haka. Su biyun suna bakin teku yanzu da mazajensu da tirelolinsu, ana gaisawa ta waya ranar Kirsimeti.

Ta Charmelle, autarsa, ya shekara uku yana gininta a ƙarƙashin tamfol. Ko ita bai bari ta leƙa ciki ba.

Da Deswin ya zo neman aure, ya sha kwat da taye. Oom Sarel bai tambaye shi danginsa ba, bai tambaye shi cocinsa ba. Ya ɗauki tef ya nufi motar.

"Manie, riƙe can. Karanta mini tsakanin tayoyin."

"Mita ɗaya da arba'in," na ce.

"Tirelar, ɗaya da sittin. Taƙi guda ke nan. Yaro, ka taɓa tuƙi a yashi?"

"Kaɗan, Oom."

"Kaɗan. A yashi, mota ce ke buɗe sawu, tirela ta bi a ciki. In ta fi motar faɗi, sai ta shiga haƙa nata sawun, kai kuma kana jan garma. Kafin azahar kun nutse. Takardar motarka kilo nawa ta ce za ta ja?"

"Dubu ɗaya da ɗari uku, in da birki."

"Wannan da ruwanta da kayanta, dubu ɗaya da ɗari shida. Ƙugiyarka nawa take ɗauka a kanta?"

"Saba'in da biyar."

Aka ɗauko sikelin banɗakin marigayiya matata, wanda tun da ta tafi ba abin da yake aunawa sai ƙarfe. Aka ɗora hancin tirelar a kai, wato bakin da ake ɗaurawa a ƙugiya. Ɗari da hamsin.

"Ban ƙi ka ba," in ji Oom Sarel yana naɗe tef. "Motarka ce ta ƙi ka."

"Pa, ni zai aura ko tirelar?" in ji Charmelle.

"A gidan nan tare kuke fita."

Akwai wanda lambobinsa suka cika. Renaldo Strauss, mai shagon nama, yana da akori-kura mai ƙofa huɗu wadda za ta iya jan cocin garin da limaminsa. Kowace Asabar yana kawo wa Oom Sarel haƙarƙarin rago, ya ajiye motar inda za ta tare rana. Ba mugu ba ne. Na so a ce mugu ne, da labarin ya fi sauƙi.

Charmelle ba za ta yi aure ba da albarkar ubanta ba, kowa ya san haka. Deswin kuwa albashin malami ba ya sayen akori-kura, ko da zai koyar har tashin duniya. Wata huɗu suka yi a haka, suna zama a bakin dam ɗin Oanob suna jifan ruwa da tsakuwa.

Sai ya yi abin da masu ilimi kan yi idan sun matsu, ya yi dabara.

Ranar wata Lahadi, kowa yana coci, Charmelle tana cikin mawaƙa, ya shiga garejin, wanda ba a taɓa kulle shi ba. Ya kwashe jarkokin ruwa da tukwanen gas daga akwatin gaba, ya ɗaure su a can bayan tirelar. Ya ɗora hancin a sikeli. Ya ɗauki hoto ya tura mata.

"Saba'in, barewata! Zan ɗan zaga da ita hanyar Klein Aub, in zo in tsaya a ƙofar coci. Ki sa Pa ya fito ya gani."

Sai da aka yi addu'ar rufewa ta duba wayar.

"Ina ka kai jarkokin? Deswin kar ka tayar da motar nan. Hancin tirela ba ya son rashin nauyi. KA TSAYA."

Saƙon ya same shi a zaune a gefen hanyar burji, jini na zuba daga girarsa.

Duk yaron da ya tashi a garin nan ya san tirela mai nauyin baya wutsiya take kaɗawa. A gangara ta fara, hagu, dama, hagu. Ya taka birki, wanda shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya taka. Ta yi adungure biyu. Abin da ya hana ta tafiya da motar shi ne mahaɗin da Oom Sarel ya sa mata, mai juyawa ta kowace fuska. Wato tsohon da ya hana shi 'yarsa shi ne ya bar shi da ransa. Ba wanda ya ji daɗin wannan lissafin.

Renaldo ne ya zo janyo ɓaraguzan, don motarsa ce kaɗai za ta iya. Charmelle na zaune a gaba kusa da shi. Ta sauko, ta kama fuskar Deswin ta duba raunin, ta ga ba zai mutu ba, ta sake shi. Ta nufi tirelar.

Gefenta ya yage, cikinta a fili. Ga babban gado na ango da amarya. A can ƙurya kuma ga wani ɗan siririn gado mai naɗewa, na mutum ɗaya, da ƙusa ta rataye hula, da ɗan akwati daidai kwalaben maganin ido. Hoton marigayiya mahaifiyarta yana manne a bango, gilashin ya tsage.

Gadon nan, da ƙarin tankin ruwa na mutum na uku, wato Oom Sarel, da ƙarfen da ya ɗauke su, su ne kilo ɗari ukun da suka fi ƙarfin motar Deswin.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma motar Renaldo, suka wuce. Abin da Deswin ya gani ke nan, bayan kanta ta gilashin akori-kura.

Da aka kai ta gida, Oom Sarel ya shafa ƙarfen da ya lanƙwashe da tafin hannu, tun daga hanci har baya.

"Shekara uku," ya ce. Ya shiga ɗaki.

Deswin ya rubuta mata sau goma sha ɗaya. Na ƙarshen gajere ne.

"Na nemi canjin makaranta zuwa kudu. Renaldo mutumin kirki ne. Allah ya sanya alheri."

Ba ta amsa ba. Gari ya ɗauka an gama, har wasu Tannie, wato gwaggonnin gari, sun fara tambayar launin kayan 'yan matan amarya. Ni ma haka na ɗauka, kuma ban yi mamaki ba. Na karanta littattafai masu yawa a zaman kaɗaici, mafi yawansu ƙarya suke yi a shafin ƙarshe.

Abin da ba mu sani ba, naman da Renaldo yake kawowa a wannan lokacin shi yake komawa da abinsa. Ita kuwa kullum tana bayan gareji da injin yankan ƙarfe. Ta ce wa ubanta tana ware abin da zai moru ne. Yana jin ƙarar, kuma mutumin da ya shekara arba'in a sana'ar ya san bambancin ƙarar rushewa da ta gini. Bai fito ba.

Bayan sati bakwai ta tura saƙo.

"Kawo motar gobe da safe. Ina son in gwada tayarka ta safaya."

"Me ya faru?"

"Wawa. Ka kawo kawai. Da biltong."

Abin da ya tarar rabin tirelar da ce. Ta rage tsawon, ta yanke ƙarfen da ya haɗa tayoyin ta matse shi, ta sa tayoyi irin na motarsa sak, don safaya ɗaya ta yi wa duka biyun. Ruwa ta mayar da shi ƙasa, a kan tayoyin, ɗan gaba kaɗan. Tanti ɗaya a sama.

"Na ɗauka kin zaɓi Renaldo," ya ce.

"Na hau motarsa ne don taka ba ta iya ɗauko ɓarnar da ka yi. In ka ƙara taɓa jarka ba ka tambaye ni ba, da wannan injin zan yanka ka."

"Na ji, barewata."

"Ba ka ji ba tukuna. Je ka kira Pa."

Oom Sarel ya fito da tef. Na riƙe ɗaya bakin.

"Karanta, Manie."

Ya ɗago idanun nan nasa masu hazo ya dube ni, kuma na san abin da yake roƙo. Da na ce ɗaya da arba'in da biyar, ba mai musa mini a take. Da ya sami wata shekarar da mai dafa masa kofi, ni ma da na sami wata shekarar a bencina. Na san abin da gida yake zama idan mace ta ƙarshe ta fita daga cikinsa.

"Ɗaya da arba'in," na ce. "Daidai."

Sikeli ya nuna saba'in, wannan karon na gaskiya. Duka da kaya, ɗari bakwai da ɗoriya.

Ya zagaya ta yana shafawa. Ya yaba waldar, ya ce ta fi tasa, wanda ƙarya ce ƙarama.

"Babu wurin babban firji," ya ce.

"Babu, Pa."

"Babu wurin..." Ya tsaya.

"Na auna ta kowace hanya, Pa. Na cire murhu, na rage ruwa. Da mu biyu, da mai, da nauyin ƙugiya, motar ta cika. Ko kujerar baya ba za ta ɗauki mutum ba." Hawaye na zubo mata. "In Pa ya ce a'a, na haƙura. Wallahi na haƙura."

Ya naɗe tef ɗin a hankali, ya miƙa wa Deswin.

"Riƙe. Ka rage iskar tayoyi kafin ka shiga yashi, har da na tirelar. In ta fara kaɗa wutsiya, ɗage ƙafarka kawai, kar ka taka komai. Ka ji ni, ɗana?"

"Na ji, Oom."

"Pa za ka ce. Ka riga ka ci mini shekara uku, sai ka ci sunan ma."

An ɗaura auren farkon Disamba. Yayyenta biyu sun zo, sun kwana ɗaya. Renaldo ya ba da ragunan gashi, ya yi rawa da kowa, ya tafi da wuri. Amarya ta yi kyau, da ƙunar walda a wuyan hannunta wadda leshi bai rufe ba. Ango bai daina kallonta ba, kamar wanda aka ce masa kuskure aka yi za a zo a karɓe. Limamin ya yi wa'azi a kan biyu su zama ɗaya, bai ce komai a kan wanda ya rage ba.

Washegari da hantsi suka ɗaura tirelar. Charmelle ta cika firjin gidan da abinci, ta rubuta ranaku da manyan baƙaƙe a kan kowace roba, ta ce sati biyu ne kawai. Yayyenta ma a lokacinsu haka suka ce. Oom Sarel ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Allah ya kai ku, ya dawo da ku. Ya sa kada ɗayanku ya fi ƙarfin ɗaya. Ya ba ku 'ya'ya, ya ba ku babbar mota."

Suka yi dariya, suka yi kuka, suka tafi.

Akwai yashi mai laushi a ƙofar garejin. Da ƙarar injin ta ɓace, sai ya durƙusa da ƙyar, ya shafa ƙasa da hannu, daga wannan gefe zuwa wancan. Tayoyi shida ne suka wuce ta wurin.

"Biyu ne, ko, Manie?"

"Biyu ne."

"Madalla," ya ce. "Ta bi shi daidai."

Na kama hannunsa na tayar da shi. Muka shiga ciki, na ɗora ruwan kofi, na ɗauko kofuna biyu.