Tabo a Madubin Kyamara

Da mai gyaran kyamara ya dawo daga cin abincin rana, ya tarar da shagonsa a kulle kamar yadda ya bar shi. Amma da ya ja aljihun tebur, babu komai sai ƙyallen da ya naɗe gilashin.

Gilashin wata tsohuwar kyamara ne. Wata malamar makaranta ta gaje shi daga mahaifinta, ta kawo a yi masa dabara ya hau sabuwar kyamararta. Aikin mai gyaran ke nan: ya cire gindin gilashi, ya sa zoben tagulla, ya haɗa abin da kamfani bai haɗa ba.

Ya kira 'yan sanda. Sufeto ta zo, ta duba kwaɗon shagon, ba a taɓa shi da ƙarfi ba.

"Wa ya san inda kake ajiye makullin?"

"Mutum uku, ranki ya daɗe. Maƙerin da ke yanka min zobe, da maƙwabcina mai shagon hoto, sai ƙanina. Shi ma mai hoto ne."

"Ka gama aikin?"

"Saura kaɗan. Bayan gilashin ya yi tsawo, ban goge shi da magagari ba. Duk wanda ya ɗaura shi a haka ya danna, madubin cikin kyamarar zai buge shi."

"Wa ka gaya wa wannan?"

"Babu kowa."

Ta fara da maƙerin. Ya nuna mata hannuwansa baƙi ƙirin.

"Ni da ko hoton waya ban iya ba? Tun safe ina kan inji, ki tambayi masu jira."

Ta tambaya, mutum huɗu suka shaida.

Maƙwabcin kuwa gumi ya dinga yi, yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Sufeto ta ce ya kawo kyamarorinsa. Ta sa aka cire musu gilashi, ta haska ciki da tocila. Madubin kowace tas yake.

"To me ya sa kake ta rantsuwa?"

"Ni fa ko ɗan sandan hanya na gani, rikicewa nake."

Ƙanin ya zo a natse, jakarsa a kafaɗa. Har da jajanta wa yayansa.

"Ina kyamararka?" in ji Sufeto.

"Ta ɗan samu matsala."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

Maƙwabcin ya leƙo daga bakin ƙofa. "Jiya kuma? Ai da safen nan na ga kana ɗaukar hoton masu fasfo."

Sufeto ta miƙa hannu. Ya buɗe jakar, ya ba ta kyamarar. Da ta haska, sai ga tabo a gefen madubin, ga kuma ƙurar tagulla a bakin kyamarar.

"Ba a fasa kwaɗo ba, don haka na gida ne," in ji ta. "Ɓarawon da zai sayar ba zai tsaya gwadawa ba. Mai sha'awa ne kawai ba zai iya haƙuri ba. Ka ɗaura, ka danna, madubi ya bugu. Ina gilashin?"

Yana cikin safa, a ƙasan jakar.

"Yaya, wallahi gwadawa kawai zan yi in mayar. Da na ji ƙarar nan sai tsoro ya kama ni. Shekara nawa ina roƙonka ka haɗa min irinsa?"

Yayan bai kalle shi ba. Ya karɓi gilashin, ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana juyawa. Akwai 'yar tsaga a bayansa, siririya kamar gashi.

Sufeto ta ce, "Za ka shigar da ƙara?"

"Ba nawa ba ne. Mai shi za ta faɗa."

Ya ɗauko wayarsa, ya nemo lambar malamar, ya miƙa wa ƙanin.

"Ungo. Da bakinka za ka gaya mata."