Goyon Bo-ram

"Fitar mini da ƙwan nan daga gida! Kashe mini ɗa kike so ki yi?"

Bo-ram ta ƙame a ƙofar kicin, kwanon turararren ƙwai yana ƙona mata yatsu. Mahaifiyar saurayinta Tae-sik ta tare hanya da ludayi kamar mai gadin banki.

"Mama, likita ce ta ce..."

"Likita ce ta haife shi? Mai ciwon hanji kunun shinkafa yake sha. Haka uwata ta yi, haka kowa yake yi a garin nan!"

Wata bakwai ke nan ana wannan kunu. Safe kunu, rana kunu, yamma kunu, fari fat, ko ɗigon mai babu. Ciwon ya lafa da magani, amma Tae-sik ɗin da ke sauke akwatunan kifi bibbiyu a tashar jiragen ruwa ta Tongyeong, a Koriya ta Kudu, yanzu sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Likita ta faɗa ƙarara: naman jikinsa ne ke zagwanyewa, kunu zalla ba zai mayar da shi ba.

Shi kuwa baban Bo-ram, tsohon masunci mai taurin kai, ya riga ya yanke hukunci. A al'adarsu, ranar biki wurin gaisuwar iyaye, ango yana goya amarya ya zaga teburi da ita a gaban dangi. In Tae-sik bai iya ba zuwa lokacin kaka, a manta da maganar aure.

Saura wata huɗu. Tsoro ya cika Bo-ram, ba ta taɓa son wani kamar yadda take son wannan ramammen mutumin ba.

"Mama..."

Muryar Tae-sik ce daga ƙofar ɗaki. Wandonsa ya ɗaure da igiya don kada ya zame.

"Koma ka kwanta, ɗana."

"Mama, yunwa nake ji."

"Ga kunu nan a wuta..."

"Tun hunturu nake jin yunwa. Na yi shiru ne don ina ganin yadda kike tsayawa kina dama shi, ba na so in ɓata miki rai."

Ludayin ya faɗi ƙasa. Tsohuwar ta dubi ƙafafun ɗanta, ta dube su da kyau, kamar yau ta fara ganinsu. Sai ta zauna daɓas ta rushe da kuka.

"Babanka ma ciki ne ya tafi da shi... tsoro nake ji!"

Bo-ram ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Kaɗan-kaɗan za mu fara, Mama. Duk abin da cikinsa ya ƙi, mu bari. Ke za ki dafa, ni hannuna bai kai naki ba."

"Wannan kuma gaskiya kika faɗa," in ji tsohuwar tana jan hanci. "Dubi yadda kika busar da ƙwan!"

Daga ranar kunu ya samu abokai. Yau awara mai laushi, gobe farin kifi, jibi tsokar kaza an zare ta siri-siri. Wani ya zauna, wani ya tayar da ciwo har kwana uku, su koma wurin likita, su sake lale. Tae-sik ya fara da ɗaga gorar ruwa, ya koma hawa matakalar unguwa da ƙaramin buhun shinkafa a baya, maƙwabta suna tsokanarsa wai an samu sabon ɗan dako.

Wata rana ya kama Bo-ram tana ture rabin abincinta gefe.

"Me ke nan?"

"Na ƙoshi, Yaya."

"Ƙarya kike! Ragewa kike yi don ki yi mini sauƙin ɗauka." Ya tura mata kwanon. "Ko loma ɗaya kada ki rage, rabin raina. Ni ne zan ƙaru."

Ranar biki, bayan sun durƙusa wa iyaye an watsa wa Bo-ram magarya a siket don fatan haihuwa, kowa ya zuba ido. Babanta ya harɗe hannu. Tae-sik ya juya mata baya ya tsuguna.

"Hau."

Ta hau. Gwiwarsa ta yi rawa... ta sake rawa... sai ya miƙe! Taku ɗaya, biyu, ya zaga teburin tsaf, ya ƙara zagaye na biyu da ba wanda ya sa shi. Dangi suka kaure da tafi. Babanta ya juya fuska yana goge ido, wai hayaƙi ne.

Tae-sik ya sauke ta, ya je ya tsuguna gaban mahaifiyarsa.

"Kai, tashi, kada ka ba ni kunya!"

"Hau, Mama."

Yana ɗaga ta ya tsaya cak. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

"Mama... me kike ci duk watannin nan?"

Ta ɓoye fuska a wuyansa. "In ci kifi ɗana yana shan kunu?"

Hawaye suka ɓalle wa Bo-ram. Ta matso ta dafa bayan surukarta, ta ce, "Daga gobe ƙwai biyu, Mama. Ni zan turara, ko ya bushe sai kin cinye!"