Fuskar Kesar a Bangon Fada

A bakin rijiya suka yi sa-in-sa ta ƙarshe. Madho mai zane ne ya zo da albishir: hoton Kesar da ya zana, tana riƙe da gefen mayafinta, ya isa gaban Raja, sarkin Jaipur, har an kira shi aikin fada. Ya ce su yi aure kafin damina, su tafi tare.

Kesar ta sauke tulunta. Ta tuna masa ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye, ita ke juya ta, ita ke jiƙa mata gurasar gero a madara. Ya ce su tafi da ita. Ta ce tsohuwar ta rantse gawarta kaɗai za ta bar ɗakin da mijinta ya gina.

"To ni fa, hasken idona? Ni ba kowa ba ne?"

"Kai kana da ƙafafu, Madho-ji... ita ba ta da su."

Ya tafi cikin fushi, bai waiwayo ba. Ta koma gida ta hura wuta, ta ce wa tsohuwar hayaƙi ne ya sa ta hawaye.

Shekaru suka ja. Manema suka gaji suka daina zuwa. Fatake na kawo labarin hoton, wai manyan baƙi har cire takalmi suke a gabansa. Sai da furfura ta cika kan Kesar mahaifiyar ta rasu. Bayan makoki ta hau keken raƙumi zuwa Jaipur, tana ta shirya maganar da za ta faɗa wa Madho.

Ranar bikin fitilu ake barin talakawa shiga zauren fada da hoton yake, ta bi ayari. Ga ta nan a bango, yarinya shar, ido kamar zai yi magana. Ta tambayi mai gadi ina mai zanen. Ya ce ai bara aka ƙona gawarsa, kuma bai taɓa aure ba.

Ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba.

"Kowa kuka yake, Maaji," in ji mai gadin, yana kiranta uwa da yarensu. "Gimbiya ce, wulaƙanta shi ta yi don talaka ne."

Kesar ta share ido da bakin mayafi.

"Ba gimbiya ba ce, ɗana. Uwarta ce ba ta da lafiya."