Iskar Tayoyin Baya

Da safe Malama ta buɗe sito, ta tarar batiran solar gidan duka sun yi ɓatan dabo. Kafin hantsi 'yan sanda sun tafi da tsohon maigadinta, yana rantsuwa yana hawaye. Hankalinta ya tashi, don shi ya yi jinyar mijinta har ya rasu.

Batiran nan ba a ɗaukar su a ka, sai da mota. Ta zagaya tata motar, ba ta ga komai ba. Sai ta ɗauko gejin auna iskar taya na marigayi, kamar yadda ya sabar mata kullum kafin taya ta ɗau zafi. Na gaba talatin da biyu, daidai. Na baya talatin da takwas. Wani ya ƙara musu iska.

Maigadi ko keke bai iya ba. Ta kira direba.

"Kai ka ƙara wa tayoyin baya iska?"

"Ni? Wallahi a'a, Malama. Ai in na doke su da ƙafa na ji tauri, shi ke nan."

Wannan kam gaskiya ce. Malalacin bai taɓa sunkuyawa gaban taya ba.

Saura Auta, ɗanta na ƙarshe, wanda ya fi kowa zagin maigadi ɗazu. Ta same shi a falo yana latsa waya.

"Jiya da na tafi asibiti a tasi, ka fita da mota?"

"Haba Mama! Ko makullin ban taɓa ba."

"Ɓarawon da ya zo mana mai tausayin taya ne," in ji ta. "Zai ɗora kaya masu nauyi, sai da ya tsaya ya ciro famfon iska a but ɗin mota, ya ƙara shida a baya. Shida cif. Mutum biyu babanka ya koya wa haka, ni da kai."

Wayar ta suɓuce daga hannunsa.

"Ya kuma ce in an sauke kaya a rage. Kullum rabin magana kake ji."

"Mama, ki rufa min asiri."

Ta kalle shi, zuciyarta na ƙuna. Sannan ta ja mayafi ta miƙa masa makulli.

"Je ka rage iskar tukuna. Kai za ka tuƙa mu ofishin 'yan sanda, tsohon nan bai karya ba."