Darasi na Huɗu a Fom ɗin Mansura

Layin masu rajistar Jamb a wata cibiyar kwamfuta ta Tudun Wada a Gusau ya miƙe har bakin titi, ga rana ta buɗe kamar da gayya. Fanka ɗaya tal aka ajiye a baranda, ita ma ta yi ƙara sau biyu ta mutu. Sahabi yana tsaye yana fifita da fayil ɗinsa, sai ya ji wata murya daga layin mata tana yi wa mai cibiyar magana.

"Malam, ba wuta aka ɗauke ba. Wayar ce ta kwance, zare min ita daga bango."

Ya waiga. Wata doguwar yarinya ce cikin hijabi ruwan toka, ta tsuguna gaban fankar, ta buɗe jakarta ta ciro sukudireba. Sukudireba fa, a jakar budurwa! Kafin mai cibiyar ya gama buɗe baki, fanka ta ci gaba da juyi, layi ya ɗauki shewa.

Sahabi bai yi shewa ba, kallo ya hana shi. Da layukan biyu suka haɗe a bakin ƙofa, ya tattaro ɗan ƙarfin halin da yake da shi.

"Sannu Injiniya. Ashe jakar wasu hoda, ta wasu kayan aiki."

"Da hodar ma a ciki," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Wane kwas za ki cike?"

"Likita aka ce in cike."

"Aka ce?"

Sai a lokacin ta dube shi. Sunanta Mansura, ɗiyar Malam Yusha'u mai sayar da hatsi a Tsafe, shekararta ashirin. Shi kuma ɗan Bunguɗu ne, ya gama makarantar kiwon lafiya, yana aiki a wani ƙaramin asibiti, kuma wannan ne karo na uku da yake neman karatun likita a Sakkwato. Bai ji kunyar faɗa mata ba. Ita ma sai ta sami kanta tana gaya wa baƙo abin da ba ta gaya wa 'yan gidansu ba: akwai kwas ɗin da ake koyon ƙira da gyaran na'urorin asibiti, ta bincika ta ga ana yinsa a Ilori. Darasi uku na jarabawar iri ɗaya ne da na likita, wato Turanci da fizis da kemistiri. Na huɗun ne ya raba hanya. Mai son likita bayoloji zai rubuta, mai son na'ura kuwa lissafi.

"Kalma ɗaya ke nan," in ji Sahabi.

"Kalma ɗaya, amma ta hana ni barci wata biyu."

Aka kira lambarta ta shiga. Da ta fito bai tambaye ta abin da ta zaɓa ba, lambar wayarta ya tambaya. Namiji ke nan.

Cikin sati biyu saƙonni sun fara yi wa wayoyinsu yawa.

"Injiniyata, fankar ɗakina ta tsaya. Ko dai in kawo ta Tsafe ne?"

"Dokta, fankarka lafiyarta ƙalau. Mai ita ne ke son yawo."

"To ki duba mai ita. Tun ranar Tudun Wada bugun zuciyarsa ya sauya."

Ya bi ta hanyar da ta dace, ya aika aka nema masa izini, ya fara zuwa zaure ranar Juma'a da la'asar. Malam Yusha'u ya yaba da nutsuwarsa, balle da ya ji yaron likita yake nema. Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Anas, ɗan wan Malam, mai shagon magani a Gusau, wanda ya daɗe yana raya wa kansa cewa in ya auri Mansura allon shagonsa zai yi kyau da sunan likita a jiki.

Bayan jarabawa ne Sahabi ya zauna yana tsara musu rayuwa a Sakkwato: aji ɗaya, ɗakin karatu ɗaya, shi ya riƙe mata littafi ita ta riƙe masa. Mansura ta bari ya kai aya, sannan ta ce a hankali, "Lissafi na rubuta, Sahabi. Ilori na cike."

Da ya buɗe baki kuwa, gara da bai buɗe ba.

"Ilori? Kin san nisanta? Ki bar likita sukutum ki tafi koyon kanikanci? Ki sake jarabawar baɗi mana, ni zan koya miki bayolojin."

"Kai ma?" Iyakar abin da ta ce ke nan, ta naɗe tabarmarta ta shiga gida.

Kwana tara ba ta amsa saƙonsa ba. Sahabi ya rame, ya rubuta ya goge har yatsa ya gaji. A rana ta goma ya tura gajere:

"Na yi son kai, abar ƙaunata. Kusa da ni nake sonki, shi ya sa ban tambaye ki dalili ba. Yanzu ina tambaya."

Amsar ta zo da tsawo.

"Shekara takwas da suka wuce Innata ta rasu wajen haihuwa. Ina cikin ɗakin, ni ke riƙe da kwanon ruwa. Likitoci uku ne a kanta, ɗaya mace ce. Numfashinta ya yi ƙasa, suka jawo injin iska, ya ƙi tashi. Suka buga, suka jijjiga, wata ta ce mai gyara sai jibi zai zo daga Kaduna. Likitar nan ta yi kuka, na gani da idona. Baba yana waje gindin dogon-yaro, tunda maza ba sa shiga. Har yau yana ɗauka rashin likita ne ya sa, shi ya sa ya rantse sai na zama likita. Ta yaya zan buɗe baki in yi wa mahaifina zancen ɗakin haihuwa?"

Sahabi ya karanta sau uku. Ya tuna ɗakin ajiya na bayan asibitin da yake aiki, inda na'urori ke jibge an rufe su da tsohon zane, kullum yana wuce su bai taɓa tsayawa ba. Kunya ta kama shi sosai.

"Ki yafe min, Injiniyata. Ki tafi Ilori. Ko bangon duniya ce zan zo."

To, ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Ranar rajista Malam Yusha'u ya dage sai da aka yi da lambar wayarsa, don a cewarsa layinsa shekara goma sha biyar bai taɓa ɓata ba, yaran zamani kuwa canza layi suke kamar riga. Saboda haka da saƙon samun gurbi ya fito, wayarsa ya faɗa, yana tsakiyar awon gero. Malam ba ya karatun boko. Wa zai miƙa wa? Anas, da ya zo gaisuwa.

Anas ya karanta, ya sake karantawa, ya ji kamar an yi masa kyautar rago.

"Baffa, ai ba likita ba ce. Gyaran inji ne, a Ilori. Sun ce ta amsa cikin sati huɗu ko a ba wani. Ni dai na san ƙanwata ba za ta yi wannan da kanta ba. Wa ta haɗu da shi a layi ran nan?"

Da yamma Malam ya sami Sahabi a zaure. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo.

"Wanga yaro, na ɗauke ka ɗa. Kai ka ɗebi likitanci, ka tura ɗiyata gareji? Ka tashi. Kada in ƙara ganin ƙafarka ƙofar gidana."

Sahabi zai iya buɗe baki ya faɗi cewa shi ne ma ya fara roƙon ta ta bar Ilori. Amma wanke kansa yana nufin ya tona cewa Mansura ita kaɗai ta saɓa wa mahaifinta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya ɗauki takalmansa.

A cikin gida hukunci ya fito: ba Ilori, ba Sahabi, baɗi ta sake jarabawa. Mansura ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma maganar nan ta ƙi fita daga bakinta. Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku ma ya ƙare.

"Dokta, saura kwana shida. Na haƙura."

"Ke kaɗai ce a ɗakin ranar da Inna ta rasu? Babu wani babba?"

"Gwaggo Uwani, yayar Baba. Tana 'Yandoto."

Washegari da hantsi Sahabi ya hau mota. Ya tarar da tsohuwar tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya yi ta kewaye-kewaye, don shi ma kunyar ce ke cin sa.

"Kai, ɗan nan, ka faɗi abin da ya kawo ka, gyaɗata na jira."

Ya faɗa. Gwaggo Uwani ta ajiye faifan.

"Mu muka cuci Yusha'u," ta ce. "Da muka fito muka ce kwana ne ya ƙare, muka rufe baki. Ita kuwa wagga yarinya ashe da abin take kwana." Ta ɗago ta kafe shi da ido. "To kai mi za ka samu? In ta tafi Ilori ai ka yi nesa da ita."

"Na sani, Gwaggo. Gara ta yi nesa tana murna da ta zauna kusa tana kallon abin da ya wuce ta."

"Kai, ja can, bakinka da zaƙi! Ɗauko min mayafina."

A ranar ta sami ƙaninta a shagonsa na Tsafe, ta kore yaran awo, ta zauna a kan buhun dawa. Ta ba shi labarin tun daga farko, ba ta rage komai ba. Malam Yusha'u yana riƙe da tiya har ta gama, bai san yana riƙe da ita ba.

"Likita uku, Yaya?"

"Uku. Har da mace."

"Ni kuwa ina gindin itace ina zagin rashin likita shekara takwas." Ya ajiye tiyar. "Yarinyar tana kallo?"

"Ita ta riƙe kwanon ruwa. Kuma yaron da ka kora, shi ya fara hana ta tafiya. Ya ɗauki laifin ne don kada ka yi fushi da ita."

Kwana biyu suka wuce. A na uku, bayan sallar asuba da gari ya waye, Malam ya tsaya a ƙofar ɗakin Mansura.

"Sa hijabinki. Gusau za mu."

A cibiyar nan ta Tudun Wada, fankar da ta gyara tana nan tana juyi. Mai kwamfuta ya buɗe shafinta, ya nuna inda ake amsa gurbi. Mansura ta miƙa hannu, sai mahaifinta ya ce, "Tsaya. Nuna min, ni zan danna." Ya ɗora babban yatsansa mai kanta, ya danna da ƙarfi kamar mai dangwala takardar gona.

A hanyar komawa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki gaya wa ɗan Bunguɗu ya turo manyansa. Ba zan aika ki uwa duniya ba sai da igiya a kanki, kuma ban ga wanda ya fi shi iya riƙe ta ba."

Mansura ta rufe fuska da hijabi. Kafin su kai Tsafe saƙo ya isa Bunguɗu.

"Dokta, Baba ya danna da hannunsa. Ya ce ka turo."

"Alhamdu lillahi! Ni ma Sakkwato sun kira ni jiya, na ƙi gaya miki sai naki ya tabbata. Injiniyata, yau fankar ɗakina ma rawa take."

An ɗaura aure sati uku kafin a buɗe makaranta. Anas ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu, ya ce dama shi tun farko ya san yaron kirki ne. Kowa ya san amarya da ango hanya biyu za su kama, ita kudu shi yamma, sai hutu ya haɗa su. Gwaggo Uwani ta ce ba komai, shekara biyar a bakin mai haƙuri kamar damina ɗaya ce.

Da aka zo fitar da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta ya yi mata nasiha. Malam Yusha'u ya jawo wani akwatin ƙarfe ja daga bayansa, ya tura gabanta. Mata suka leƙa suna zaton sarƙa ce. Mansura ta buɗe. Sukudireba ce jere manya da ƙanana, da filaya, da ƙaramar na'urar gwada wuta, duk sababbi fil.

"Ban san sunayensu ba," ya ce. "Na ce wa mai shago ya ba ni duk abin da ke tayar da injin da ya ƙi tashi. Ki je ki koyo, Mansura. In kin dawo ki fara da na asibitinmu, don wanda zai tsaya gindin dogon-yaron nan bayana a fito mai da albishir."

Ta rungume akwatin tana kuka, shi ma ya juya fuska yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Allah ya yi muku albarka, ke da mijinki. Ya sa hannunki ya zama sanadin rayuwa, ya jiƙan Innarki."

"Amin," in ji Gwaggo Uwani da ƙarfi. Daga soro, inda ango ke tsaye da abokansa, aka ji wata amin ɗin da ta fi ta kowa tsawo.